Tsohuwar Da Ta Koyi Sunan Mahaifina

Ranar Talata da hantsi ɗan tsohuwar maƙwabciyarmu ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ina ganinsa tsaye da makullan ɗakinta a hannu, ba ko rigar sanyi a jikinsa, na san abin da ya zo faɗa. Ya ce ta cika da safe a asibiti, bayan ta sha shayi ta kuma yi wa mai jinya faɗa cewa shayin ya huce.

Maigidana yana zaune yana ɗaure takalmi zai tafi aiki garin Germantown. Ya yi salati, ya kwance igiyar da ya ɗaure, ya kira ofis ya ce yau ba zai shigo ba, an yi masa rasuwa a gida. 'Yata tana jami'a. Da na kira ta, ta ɗauka da Turanci kamar yadda ta saba, tana sauri za ta shiga aji. Na faɗa mata. Sai na ji muryarta da Hausar da ta daɗe ba ta yi mini ba: "Mama, Kakata? Ba ta jira ni ba?" Matar nan 'yar Nijar mai kantin kayan miya a ƙarshen layinmu kuwa rufe fuska ta yi da gefen mayafi, ta ce wa masu saye su yi haƙuri su dawo gobe.

Ni ban yi kuka ranar ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗa guda ta bari, ba jika, danginta kuwa an gama da su tun tana yarinya. Idan mu da muka zauna da ita muka yi shiru, nan da ɗan lokaci ba wanda zai san ta taɓa ratsa duniya. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Bayahudiya ce, gajeruwa, mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ta kusa shekara casa'in. Ƙofarta tana kallon tamu a hawa na uku na wani dogon gini a Silver Spring, nan Amurka, shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka. Tela ce mai gyaran kaya, ko da ta bar aiki ba ta rabu da kekenta ba. 'Yata ce ta fara kiranta Kaka, muka bi, har ɗanta ma ya koma yana tambayarmu, "Kaka ta ci abinci?"

Gaskiya zan faɗa, da farko gudunta nake yi. A Jos na tashi, ban taɓa ganin Bayahude da idona ba, kuma abin da na taso ina ji a kansu ba mai daɗi ba ne. Idan na ji motsinta a baranda sai in tsaya bayan ƙofa har ta wuce.

Sai makon nan ya zo. Rikici ya ɓarke a Jos, mahaifina ya fita ya dubo ƙanwarsa a wata unguwa, bai dawo ba. Ana cikin nemansa aka kai harin jiragen sama a nan Amurka. Kullum ina kan waya da gida, ba labari, ba gawa, a nan kuma na zama abin kallo saboda hijabina. Ni nas ce, dole in fita. Wata rana a bas wani mutum ya tofa yawu kusa da ƙafata, ba wanda ya ce masa komai. Na dawo na zauna a matakalar bene ina kuka. A nan ta same ni da ledar cefane. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai dube ni, ta dubi hijabin, ta wuce.

Washegari da na buɗe ƙofa zan tafi aiki, ga ta tsaye da jaka da lema.

"Ina za ki, Mama?" na tambaye ta.

"Inda za ki."

"Asibiti zan tafi, aiki."

"To ni ma yau ina sha'awar ganin hanyar asibiti. Yi sauri, bas ba ya jiran kowa."

Ta zauna kusa da ni a bas, ta raka ni har tashar jirgin ƙasa. Duk wanda ya ƙura mini ido sai ta ƙura masa nata, ba ta ƙiftawa, har ya kau da kai. Da na ce mata ta daina wahalar da kanta, ta ce, "Na san wannan kallon. An yi mini shi ina da shekara takwas. Ba wanda ya zauna kusa da ni." Wata guda cur tana wannan rakiya.

Mace ce mai halaye da yawa, wasu na dariya, wasu na ban haushi. Ba ta zubar da burodi ko ya bushe kamar katako, sai ta jiƙa shi a miya. Idan ta ga na kankare ƙanzon tukunya zan zuba a shara, sai ta tsaya a kaina har na fasa. Ta tsani yajina, kullum tana cewa zai kashe ta, kuma kullum sai ta ƙara cokali. Duk wanda ya shigo mata da damuwa, maganarta ɗaya ce: "Zauna ki ci tukuna, kukan ba zai gudu ba." Ta koyi kalmar "madalla" a bakin maigidana, ta so ta ƙwarai, amma ba ta taɓa sa ta a inda ya dace ba. Ranar da aka ce mata na'urar hawa bene ta lalace sai mako mai zuwa, ta girgiza kai cikin takaici ta ce, "Madalla."

Ita da maigidana sun sha gwabzawa a kan Falasɗinu. Wata Lahadi ta shigo dawo mini da kwano, ta tarar yana kallon labarai ransa a ɓace, ana nuna yara cikin ɓaraguzan gini. Ya juyo ya ce, "Kaka, kin ga abin da mutanenki suke yi?" Ta ajiye kwanon da ƙarfi. Suka yi ta yi, shi yana kawo nasa, ita tana kawo nata, har na fito daga kicin na ce su ji tsoron Allah, maƙwabta na ji. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna talabijin ɗin ta ce, "Kada ka taɓa zaton yaran can ba sa hana ni cin abinci. Na taɓa zama ɗaya daga cikinsu." Har ta rasu ba su daidaita a kan siyasar ba. Amma shi yake hawo mata da ruwan sha duk mako, ita kuma ba ta yarda wani ya taɓa ƙafar wandonsa sai ita.

Labarinta ban same shi a zama ɗaya ba. Guntu-guntu yake fitowa, yawanci tana kan keke, allura a baki. A wani ƙaramin gari a Jamus aka haife ta. Mahaifinta yana da shagon buga takardu, katin biki da kalanda. Wata safiya malamarsu ta ce ta ɗauki jakarta ta koma bencin baya, bayan 'yan watanni aka ce kada ta sake zuwa makarantar. Ƙawarta da suke raba abincin tara ta fara tsallaka titi idan ta hango ta. Daga nan aka zo shago aka tafi da mahaifinta da tawada a hannunsa, ba su ƙara ganinsa ba. Mahaifiyarta ta ɗauke ta da ƙaninta, suka bi jirgin ƙasa, suka bi ƙafa, suka ƙetare iyaka bayan iyaka. A wani sansanin 'yan gudun hijira zazzaɓi ya kama ƙanin, ya rasu yana da shekara biyar. Ita da uwar ne kaɗai suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu suka yi ta aika wasiƙu neman 'yan uwa, ba wanda ya amsa.

"Kin taɓa komawa garin?" na tambaye ta.

"Sau ɗaya. Shagon yana nan, ana sayar da takalma. Na sayi silifa, na fito."

Duk shekara idan sanyi ya ja baya, mutanen gundumarmu suna taruwa a zauren wani ɗakin karatu don tunawa da waɗanda kisan ƙare dangi da yaƙi suka cinye. Ba taron addini ba ne, kowa na zuwa. Ana kunna kyandir, sai mutane su riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya suna karanta sunayen nasu. Yahudawa ne suka fara, daga baya 'yan Ruwanda suka shigo, da 'yan Bosniya, da 'yan Kambodiya, da 'yan Darfur. Kaka tana cikin waɗanda suka dage a buɗe wa kowa ƙofa. An ce har rigima ta yi da wasu tsofaffin nasu da suke ganin za a shafe nasu baƙin cikin. Ta ce musu zauren yana da kujeru da yawa.

Shekara uku ina raka ta ina riƙe mata jaka. A ta huɗu, muna tsinke alayyahu a kicin ɗinta, ta ce, "Bana ke ma za ki hau. Na sa ki a jeri."

"In hau in yi me?"

"Ki kira sunan mahaifinki."

Na ajiye ganyen. Na ce, "Kaka, ba zan iya ba. Mu ba ma kiran sunan mahaifi."

"Ba ku kiransa? To me kuke yi da shi?"

"Kunya ce, girmamawa ce. Tun da aka haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Waɗanda suka kashe mahaifina sun cire masa suna sun ba shi lamba. Shekaru na yi ina neman takarda ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Ke kuma kina da naki a cikin baki, kin rufe kin ce kunya. Ba shi da kabari, yanzu kuma ba shi da suna. Kina taya su aiki."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ba ki san mu ba, ba ki san shi ba. Sau biyar a rana nake yi masa addu'a, Wanda nake roƙo ya san sunansa. Ba kowa ne zai yi makoki irin naku ba." Na fita na bugo mata ƙofa.

Mako uku ba mu yi magana ba. Na koma tsayuwa bayan ƙofa har ta wuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabin maganarta gaskiya ce. 'Yata ta kai shekara goma ba ta san sunan kakanta ba, don ba wanda yake faɗarsa a gidan.

Ashe a cikin makonnin nan ta tare maigidana a matakala. Shi ya ba ni labari daga baya. Ta ce ya bayyana mata wannan kunya tamu, ya bayyana. Sai ta ce, "To idan 'ya ba ta iya kira, baƙuwa fa?" Ya ce baƙo ba ruwansa, yana iya kira. Ta ce, "Faɗa mini sunan." Ya sosa ƙeya ya ce, "Kaka, ai surukina ne. Ni ma ba na iya faɗa." Ta ɗaga hannu sama ta ce wace irin al'umma ce wannan da kowa yake ɓoye sunan kowa. A ƙarshe ya rubuta mata a bayan takardar cefane.

Sunan yana da harafi mai ƙugiya, irin wanda harshen Bature ba ya iya ɗauka. Ta ce ita ba za ta hau gaban jama'a ta lalata sunan mutum ba, an lalata nata a tashar jirgin ruwa ranar da ta sauka ƙasar nan, ta san zafinsa. Sai ta ɗauki sandarta ta tafi kantin 'yar Nijar ɗin nan. Kullum da hantsi tana zaune a kan buhun shinkafa, matar tana faɗa tana maimaitawa, masu saye suna dariya suna gyara mata.

Ana saura kwana biyu taron ta ƙwanƙwasa ƙofata. Ba ta iya ba da haƙuri ba, ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, "Na yi magana kamar jaka. Ba zan sa ki kira ba. Amma idan kin ba ni izini, ni zan kira miki. Idan kin ce a'a, na yaga takardar." Na ce ta bari in tambayi mahaifiyata. Da na kira Jos na yi bayani, sai mahaifiyar tawa ta ce, "Ke 'yar nan, mutumin da ba mu samu ko yi masa sutura ba. In akwai mai son ambatonsa da alheri, ki bar ta."

Ranar taron zauren ya cika. Wani ɗan Ruwanda ya karanta sunaye har muryarsa ta dushe, matarsa ta karɓa ta ƙarasa. Da aka zo kan Kaka, sai da aka sauko mata da abin magana don gajartarta. Ta kira mahaifinta, ta kira ƙaninta, ta kira gwaggonninta da 'ya'yansu. Sannan ta juya takardar ta ce, "Wannan ba jinina ba ne. Mahaifin maƙwabciyata ne, mutumin Jos a Nijeriya. Ya fita duba ƙanwarsa bai dawo ba." Ta ja numfashi ta kira sunan, da na mahaifinsa, tsaf, kamar a ƙofar gidanmu aka raine ta.

Shekaru na yi ban ji sunan nan a sarari ba. Na ji kamar ya shigo zauren da babbar rigarsa da rediyonsa a hannu. 'Yata ta matso ta raɗa mini, "Mama, shi ne?" Na gyaɗa kai. Na ga leɓenta yana motsi tana gwadawa a hankali. Jika ce, wasa ne tsakaninta da shi, ita tana da damar kira.

Bayan an tashi, ana shan shayi, wata mata ta nufo ni ta gaishe ni da Hausar Filato. Kirista ce, ita ma nas, a garin Clinton take zaune. Ta ce yayanta ma a makon rikicin nan ya tafi, a Jos. Muka tsaya muna kallon juna. Kowaccenmu ta san ta wane ɓangare aka kashe nata. Kaka ta iso da faranti biyu ta danƙa mana, ta tura mu kan benci ɗaya, ta koma wajen mutanenta. Muka fara ci. Can matar ta tambaye ni unguwarmu, na faɗa, ashe makarantar firamare ɗaya muka yi. Shekarar da ta biyo ta hau ta kira sunan yayanta da bakinta, ni na riƙe mata kyandir. Yau ita ce aminiyata a ƙasar nan, kuma mutanenmu da ke zuwa taron, Musulmi da Kirista, sun cika layi biyu na kujeru.

Da ƙarfinta ya fara ƙarewa, ni nake auna mata jini in jera mata magunguna. Ba ta taɓa sha ba tare da gardama ba. Ranar Lahadin ƙarshe da na je asibiti ta kama hannuna ta ce, "Na zo ƙasar nan da mutum ɗaya. Na ɗauka da mutum ɗaya zan fita. Dubi yadda kuka cika mini ɗaki, ko barci ba ku bari in yi."

Yahudawa ma ba sa jinkirta gawa, washegarin rasuwar aka yi jana'iza. Matan majami'arsu suka yi mata wanka, aka sa ta a farin likkafani da akwatin katako marar ado. A wurinmu mata ba sa zuwa maƙabarta, ban taɓa taka ta ba a rayuwata. Na dubi maigidana, ya ce, "Ɗauko mayafinki mu tafi."

Maƙabartar tana bayan gari, iska tana kaɗawa. Malaminsu ya yi addu'a da harshensu, ɗanta ya karanta tasa yana tuntuɓe. Aka saukar da ita. Sai malamin ya ce al'adarsu ce kowa ya zuba ƙasa da hannunsa, don shi ne alheri na ƙarshe, wanda mamaci ba zai iya ramawa ba. Ɗan ya zuba, ya soka shebur a tudun ƙasar, ya juyo ya dube ni. Na kama shebur ɗin na zuba. Ƙarar ƙasa a kan katako ta daki ƙirjina, a nan ne kukan da ya ƙi zuwa ya zo.

Tsofaffin nasu kaɗan ne, kowa ya zuba abin da ya iya. Ramin bai ko kai rabi ba malamin ya ce ya isa, ma'aikata za su ƙarasa da mota. Mutane suka fara juyawa. Sai na ga maigidana ya tuɓe kwat ɗinsa ya miƙo mini, ya naɗe hannun riga. Ya ce wa malamin cikin ladabi, "Ka yi haƙuri, a garinmu ba ma tafiya sai mun rufe namu." Ya ɗauki shebur. Mijin ƙawata ta Filato ya ɗauki na biyu, ɗan Ruwandan nan ya je ya karɓo na uku a hannun ma'aikata. Waɗanda suka juya suka dawo suka tsaya. Ba mai magana, sai ƙarar shebur, har ƙasa ta cika ta yi daidai da ciyawa. Maigidana ya durƙusa ya daidaita gefen da tafin hannunsa, kamar yadda ake yi a gida.

Ɗanta ya rungume shi, ƙasa duk ta ɓata musu riguna. Ni kuwa na tsaya a gefe na ce a zuciyata: Ya Allah, ga baiwarka nan, Kai ka halicce ta, Ka fi ni sanin abin da ta gani da abin da ta yi. Ni dai shaida ce, alheri na gani.